Bayan Fijon Baba

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Katsina kafin Golf da ƙananan bas-bas su mamaye tashoshi, ya san tsayuwar Fijo 504 mai dogon baya. In ba ta da kaya, sai ka gan ta ta ɗaga ƙugu, hancinta kamar yana shinshinar ƙasa. In kuwa an loda ta, fasinja sun cika layi uku, an tura buhuna har murfin but ya ƙi rufuwa sai da igiya, to baya ne zai sauka gaba ya ɗaga, ta fita daga tasha salansa na gogar ƙasa. Tsakanin waɗannan tsayuwa biyu akwai wani tsayi da waɗanda suka ƙera ta suka nufa. Neman wannan tsayin ne ya cinye mini hutun da na ɗauka bayan kakar bara, har ya kusa haɗa ni da mahaifina.

Tamu ta daɗe da daina ɗaga ƙugu. Ko babu kowa a ciki a zaune take, ɓangaren hagu ma ya fi na dama zama.

Baba ya saye ta a 1994 a gwanjon motocin gwamnati, lokacin yana hedimasta. Harhaɗar Kaduna ce ta 1986, wato ta girmi jihar Katsina da shekara guda, ni ma ta girme ni. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma a wannan shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na Kenya, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan ma'aikata, daga nan ta gangaro zuwa tashoshi da asibitoci da gidajen malaman makaranta. Faransa ta daina yin ta da daɗewa, Kaduna ba ta daina ba sai cikin shekarun 2000. Tsofaffin direbobi in suna yabon ta, ƙafarta suke yabo kafin inji: tana da wurin lotsawa mai yawa, tana shanye gargada ba tare da ta miƙa wa fasinja ba. Mai dogon bayan, irin tamu, tayoyinta na baya a jikin aksil guda suke, kuma sifirin huɗu ne masu murɗi suke riƙe da bodi a kansa, biyu a kowane gefe.

A Ɗantutture motar ba ta taɓa zama ta gidanmu mu kaɗai ba. Ta kai amare ɗakunansu, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ta ɗauko taki da damina, ta kwaso gero da dawa da kaka. Akwai samarin da yanzu suke da iyali, waɗanda a cikinta aka dawo da su gida suna jarirai. Ban taɓa jin Baba ya ce wa wani babu wuri ba. In mutum ya zo da buhu, sai ya ce a matsa.

Abin da ya tayar da maganar gyara shi ne Inna. Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon ƙashin baya, duk wata sai an kai ta ganin likita a Katsina. Kafin mu hau kwalta akwai guntuwar hanyar ƙasa da amalanken shanu da tifofin yashi suka haƙa wa kwari biyu, suka bar tudu a tsakiya. Motar da ta zauna ba ta da sauran wurin lotsawa. Tana faɗawa rami aksil zai doki dungun robar da aka sa don tare shi, dukan ya biyo ta kujera ya sauka a bayan wanda ke zaune. Inna ba ta cewa komai, sai dai ka ga ta damƙe hannun ƙanwata. Ranar da aka kira ni a waya kuwa, tudun tsakiyar ne ya fizge salansa suna dawowa, ana dab da magariba. Wanda ya san abin da yankin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana ya gani daga 'yan bindiga a shekarun nan, ba sai an yi masa bayanin tsayawar mota a hanya a irin wannan lokaci ba. Allah ya tsare, wani mai babur ya tsaya aka ɗaure salansar da waya, suka iso gida ana kiran isha'i.

Ni sana'ata rubuta manhaja. Kimiyyar kwamfuta na karanta, a Kano nake zaune ina yi wa wani kamfani aiki ta intanet, ban taɓa riƙe sufana da sunan neman abinci ba. Hali ɗaya aikin ya cusa mini: tsohon aikin da wasu suka gina suka tafi, ba ka taɓa shi sai ka auna yadda yake yanzu ka rubuta, kuma ba ka cire wani abu don kawai ba ka san amfaninsa ba. Da wannan halin na bi Baba garejin da yake kai ta a Dutsin-Ma, wurin wani dattijo sa'ansa wanda a kan Fijo ya koyi aiki tun yana yaro.

Kafin maigarejin ya fito, yaronsa ya danna bayan motar da hannu biyu ya ce shokozoba ne ya mutu. Da dattijon ya ji, dariya ya yi. Ya ce shokozoba ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa ya kashe rawar sifirin, kada mota ta yi ta lilo bayan ta wuce rami. Ko sabo fil aka sa, yadda aka kawo ta a zaune haka za ta koma. Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi mata takalmi, wato a yanko roba mai kauri daga tayar babbar mota a cusa a saman kowane sifirin, aikin yini guda kuma kuɗi kaɗan. Ko kuma a cire nata a sa na wata mota da ta fi ta nauyi, masu kaurin ƙarfe, yadda direbobin kasuwa suke yi.

"In aka sa mata waɗannan, Allah ya gafarta Malam, ko buhu takwas ka ɗora ba za ta rusuna ba."

Na ga fuskar Baba ta washe. Kaka ce, gero yana gona, na mutane ma yana jira.

Na roƙi a ba ni kwana biyu. Maigarejin ya dube ni ya ce, "To, Injiniya, a yi mana lissafi." Tun daga ranar sunan ya bi ni.

Awon ba wuya gare shi ba, sai dai yana son haƙuri. Ana neman wuri mai daidai. Mu dandamalin simintin shanya na wani maƙwabci muka ara. Ba daga ƙasa ake aunawa ba, don iskar taya tana rikita lissafi. Daga tsakiyar ƙafar ake ɗora tef zuwa leɓen madigadi. Ana girgiza motar, a tura ta gaba kaɗan a dawo da ita don ta zauna yadda ta saba, sannan a auna. Dama ta ba ni santimita 38, hagu 36 da rabi. Don in san abin da ya kamata a samu, maigarejin ya kai ni gidan wani mutum da ya sayi tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya, irin tamu sak, wadda ba ta taɓa sanin buhu ba. Tata 43 ce, gefe da gefe. Ke nan mun rasa santimita 5 a dama, 6 da rabi a hagu.

Daga nan na sa ƙannena suka riƙa ɗora buhunan gero, mai kilo 100, ɗaya bayan ɗaya, ina aunawa ina shigarwa a waya. Buhu na farko ya saukar da ita kusan santimita ɗaya da rabi. Na biyu haka. Na uku haka. A na huɗu lamba ta ƙi motsi a hagu, don aksil ya riga ya kwanta a kan roba. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idar wannan abu tun 1678: lotsawar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, ka ninka nauyi lotsawa ta ninku. Mun karanta ta a sakandare don cin jarrabawa. Ban taɓa zaton zan gan ta a kan dandamalin shanya ba, ƙannena suna ƙunƙunin an mai da su 'yan dako.

Abin da lambobin suka nuna ya saɓa wa yadda mutane ke faɗa. Ana cewa sifirin ya yi laushi. Namu ƙarfinsu yana nan kusan yadda yake, gajarta suka yi. Shekara 30 ana danne su har ƙarshe, sai ƙarfen ya karɓi sabon tsayi ya ƙi komawa na da. Hagun ya fi lalacewa, kuma kowa a gidan ya san dalili: ta nan ake fara jera buhu.

Wannan ne ya sa takalmin roba bai kwanta mini ba. Zai ɗaga bodi, gaskiya ne, amma sifirin da ya gajarta tazarar da ke tsakanin zobbansa ta ragu. Ka ɗaga shi da takalmi mai kauri ka ci gaba da loda, wata rana zobban za su haɗe da juna kafin aksil ya kai ga roba, ƙarfe ya doki ƙarfe, dukan ya tafi kai tsaye wurin da sifirin ke zaune a jikin bodi, wurin da tsatsa ta riga ta fara ci. Takalmi siriri don daidaita gefe da gefe ba laifi. Na cike santimita shida kuwa, ɓoye ciwo ne.

Sifirin masu kauri kuma, abin da suke bayarwa gaskiya ne, abin da suke karɓa ne ba a faɗa. Wanda bai lotsa wa buhu ba, ba zai lotsa wa rami ba. Motar kasuwa kullum a cike take, nauyin kaya yana tausasa ta. Tamu ranar asibiti mutum huɗu ne a ciki da kwandon abinci. Da irin waɗannan sifirin bayanta zai riƙa tsalle kamar a-kori-kurar da ba ta da kaya, dukan da muke son raba Inna da shi ya dawo ta wata ƙofa. Sannan za su ɗaga ta fiye da yadda aka yi ta. Shokozoba yana da iyakar miƙewa, tiyon birki ma haka. Fitilu za su koma kallon ƙasa dab da hanci. Nauyi in ya hau sama, mota ta fi karkata a kwana. Abin da ya fi ba ni mamaki da na kwanta a ƙarƙashinta shi ne, ƙullutun ƙarfen nan na tsakiyar aksil, wanda ya fi komai kusa da ƙasa, ko sifirin na jirgi aka sa ba zai tashi ba, tunda a kan tayoyi yake, ba a kan sifirin ba. Salansa da tanki da bamba ne kaɗai ke amfana da ɗagawar, su kuwa tsayin asali ya ishe su su tsallake tudunmu.

A wannan kwanciyar ce na ga wani ɗan bawul a jikin bodi, layin man birki ya bi ta cikinsa, wani siririn ƙarfe ya haɗa shi da ƙafar baya. Ya yi tsatsa ya ƙame. Maigarejin ya ce da yawa cire shi suke yi a jefar, ba sa ganin amfaninsa. Na nemo tsohon littafin gyaran motar a intanet na ga aikinsa. Shi ne ke faɗa wa birki ko motar tana da kaya. In baya ya sauka, sai ya bar mai ya tafi tayoyin baya da ƙarfi, don akwai nauyin da zai danne su. In baya ya ɗaga, sai ya rage, kada su ƙulle motar ta juya. Ba shi da sikeli, ba shi da ido. Tsayi kaɗai yake karantawa ya ɗauke shi a matsayin nauyi. A wurin aikinmu wannan ce matsalar da aka fi tsoro, manhajar da ke aiki daidai a kan bayanin ƙarya, don ba ta kuka, ba ta nuna alama. Ka ɗaga mota da sifirin masu tauri ka loda mata buhu takwas ba tare da an sake saita bawul ɗin ba, shi a wurinsa fanko take, zai rage wa baya birki a ranar da aka fi buƙatarsa.

Duk wannan na tara na kai wa Baba a zaure bayan isha'i. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa ya dubi lambobin, irin duban da yake yi wa rajistar aji a da.

Na ce, "Baba, mota ɗaya ba za ta yi aiki biyun nan ba. In aka gyara ta don buhu takwas, Inna ce za ta biya. In aka gyara ta don Inna, buhu huɗu ne iyakarta."

Ya ce, "Kai a Kano kake. Ni ne mutum zai zo ƙofata da gero, ya san ina da mota, ya san ubansa ya taimaki ubana. Sai in ce masa ɗana ya yi lissafi a waya?"

Ban da amsa, don gaskiya ya faɗa. A birni kana iya cewa a'a ka rufe ƙofa, gobe ba za ku haɗu a sahu ɗaya ba. Santimita shidan da hagu ta rasa, buhunan mutane ne da Baba bai iya mayarwa ba, kuma a kan irin wannan ne ake tsayawa a gaishe shi a hanya, ake zuwa duba Inna da ƙwarya a hannu. Ba abin da zan raina ba ne. Amma kunyar da yake ji a ƙofar gida, Inna ce take ɗaukar ta a ƙashin bayanta, shi kuma a gaba yake zama, bai taɓa jin dukan ba. Wannan ban faɗa masa ba. Akwai maganar da ɗa ba ya yi wa uba, ko da tana cikin lissafi.

Inna ce ta yi magana daga bayan labule, ashe tana ji. Ta ce, "Malam, gero dai ba ya cewa wayyo."

Baba bai amsa ba. Da safe ya ba ni makulli ya ce in je in gaya wa maigareji a nemo irin nata.

Neman irin natan ya kai mu kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Tsofaffi aka yi ta fito mana da su, an wanke an shafa baƙin fenti, kowane mai shago yana rantsuwa nasa bai taɓa ganin kaya ba. Maigarejin bai saurari kowa ba. Sai ya jera su a kan siminti ya ɗora katako a kai, ya ga wanda ya gaza. Ya ƙirga zobba. Ya gwada kaurin ƙarfen da bakin sufana. Ya kankare fenti yana neman tsaga da ramin tsatsa. Cikin goma sha wani abu ya zaɓi huɗu. Ya ce huɗun a tare ake canzawa, in ka haɗa tsoho da mai ƙarfi mota za ta riƙa tafiya a karkace. Kallon hannunsa ya ishe ni in gane cewa abin da na tara a waya cikin kwana biyu, shi yana yatsunsa tun kafin a haife ni. Abin da bai da shi kawai shi ne damar ya ce wa mai mota ga abin da ya dace. Mai mota ya ce ɗaga, sai ya ɗaga.

Aikin ya ɗauki yini biyu. An sa sababbin dungun roba, an canza tiyon birkin da ya tsattsage, an jiƙa bawul ɗin nan da mai har ya saki, aka saita shi. Kusoshin da ke ratsa roba bai ɗaure su tamau ba sai da aka sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafarta, don in aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. Bayan mako guda ana hawa na sake aunawa: 42 da rabi a dama, 42 a hagu. Na so a sa siririn takalmi a cike rabin. Maigarejin ya ce, "Injiniya, bar mata wannan, ko mutum ƙafafunsa ba daidai suke ba."

Saura maganar ƙofar gida, kuma shi ne ya warware ta. Ya sa aka loda buhu huɗu, ya kira Baba, ya zura yatsu biyu a kwance tsakanin saman taya da leɓen madigadi. Suka shiga daidai. Aka ƙara na biyar, suka ƙi shiga.

"Allah ya gafarta Malam, kai kar ka ce wa kowa komai. Duk wanda ya kawo kaya, a ɗora, ka ce ya sa yatsunsa da kansa. In sun shiga, bismilla. In ba su shiga ba, motar ce ta ƙi, sai a yi sawu biyu."

Haka ake yi yanzu. Sawu biyun yana cin fetur, kuma tun da aka janye tallafi a 2023 fetur ba abin wasa ba ne, don haka wannan ɓangaren ni nake turo kuɗinsa duk wata. Ranar asibiti kuwa ba a ɗora komai, ko kwanon wake. Wannan dokar Baba ne ya kafa ta da bakinsa. Ƙanwata ta ce a zuwan da suka yi na ƙarshe Inna ta yi barci tun kafin su hau kwalta.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Na ji an ce ɗan Malam ya zo daga birni ya koya wa mota rowa. Wani kawuna kuma ya gano cewa yatsun jikarsa sun fi nasa siranta, sai ya riƙa zuwa da ita. Tsofaffin sifirin huɗun suna nan jingine a zaure. Maƙerin garinmu ya taya har sau biyu, ya ce ƙarfensu yana yin wuƙa mai riƙe kaifi, Baba ya ce a bar su tukuna.